Farin Da Ke Tasowa Daga Teku

Duk lokacin da damina ta yi gardama a ƙasar Hausa, abin da na saba ji a bakin 'yan boko shi ne laifin manomi ne da makiyayi: sun sare itatuwa, dabbobinsu sun cinye ciyawa, hamada ta kunno kai. Wannan magana tana da asali. A shekarar 1975 wani masanin yanayi ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo hasashen cewa ƙasar da aka tsiraita takan mayar da hasken rana sama, hadari ya kasa haɗuwa. Sai dai binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tushen fari yana can nesa, a cikin teku.

Mai karatu ya san ruwan da muke samu iskar damina ce ke ɗauko shi daga Tekun Atlantika. Idan zafin bazara ya gasa doron ƙasa fiye da tekun, sai iska mai danshi ta kwararo daga kudu maso yamma, ta kori busasshiyar iskar hamada, ta kai har Agadez. To, idan ruwan teku na gaɓar Gini ya ɗumama fiye da yadda ya saba, bambancin zafin sai ya ragu. Iskar ta yi sanyin jiki, ruwa ya zube a Legas da Akra, Katsina da Damagaram kuwa su yi ta kallon sama. Idan kuma arewacin Atlantika ne ya fi kudancinsa ɗumi, hadari kan hauro arewa. Haka aka yi a shekarun 1950, lokacin yalwar ruwa. Da al'amarin ya juya, ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa shekarun 1980, Tafkin Chadi kuma ya tsuke daga murabba'in kilomita kimanin 25,000 zuwa ƙasa da 2,000.

A 1986 Folland da abokan aikinsa a Ingila suka nuna wannan dangantaka. A 2003 Alessandra Giannini ta ƙarfafa ta: aka ba kwamfuta tarihin zafin tekuna kaɗai, ba a gaya mata komai game da sare itatuwa ba, sai ga ta ta fito da farin Sahel. Lalacewar ƙasa tana ƙara wa fari tsanani, wannan gaskiya ne, amma ba ita ke haifar da shi ba.

Akwai kuma El Nino, wato ɗumamar gabashin Tekun Pasifik kusa da ƙasar Peru, wadda kan dawo bayan shekara biyu zuwa bakwai. Idan ta zo takan ɗumama sararin samaniyar ƙasashe masu zafi gaba ɗaya, hadari ya yi wuyar tashi. Ta zo a 1972, ta sake zuwa da ƙarfi a 1982 zuwa 1983, dattawanmu kuwa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Indiyawa sun daɗe da sanin ta, domin bayan yunwar 1899 ne Gilbert Walker ya karɓi ofishin yanayi na Indiya a 1904, ya gano cewa iskar Pasifik tana da hannu a daminarsu. Amma kada a ɗauka ƙa'ida ce da ba ta saɓawa: a 1997 an yi El Nino mai tsananin gaske, damina kuma ta yi daidai a Indiya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne teku ba ya sauya zafinsa dare ɗaya, watanni yake ɗauka. Ke nan kafin ruwan shuka ana iya samun haske kan yadda damina za ta kasance, kuma da wannan ma'auni hukumar NiMet da cibiyar AGRHYMET ta Yamai suke fitar da hasashensu kowace shekara. A ganina matsalar tana tsakanin takarda da gona. Manomin da aka gaya wa damina za ta gajarta yana buƙatar irin gero ko wake mai saurin nuna a hannunsa kafin watan Yuni, da malamin gona da zai zauna da shi ya fassara masa abin da hasashen ke nufi ga ƙaramar hukumarsa. Gwamnonin Arewa da ke ware biliyoyi don tallafin bayan fari, da za su kashe wani kaso na kuɗin tun a watan Maris kan iri da malaman gona, da sun rage yawan buhunan da za su raba a watan Oktoba.