Gigabait 8 tsakanin mai masauki da baƙuwa

An gina wannan lissafi a kan kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM gigabait 8 da faifan ajiya na gigabait 256. Idan aka ɗora Ubuntu a cikin Windows da manhaja irin VirtualBox ko VMware Workstation, Windows ce mai masauki, Ubuntu kuma baƙuwa, kuma daga gigabait 8 ɗin nan za a yanka wa kowacce rabonta.

Kamfanin Microsoft ya sanya gigabait 4 a matsayin mafi ƙarancin RAM da Windows 11 ke buƙata. Wato kashi 50 cikin 100 ya tafi tun kafin a buɗe wata manhaja.

Kamfanin Canonical, mai Ubuntu, shi ma gigabait 4 ya ba da shawara ga Ubuntu 24.04. Jimillar biyun ta cike kashi 100 cikin 100, babu saura. RAM ɗin da baƙuwa ta riƙe ya fita daga hannun mai masauki muddin tana kunne, kuma idan wuri ya ƙare, Windows kan koma jibge bayanai a faifai, wanda bai kai RAM sauri ba. Daga nan nauyin kwamfuta ke farawa. A na'ura mai gigabait 16, buƙatun biyu suna tsayawa a kashi 50 cikin 100, kuma gigabait 16 ɗin ne adadin da ya kamata ɗalibi ko ma'aikaci ya nema kafin ya fara.

Rabi ne kuma iyakar da Microsoft ya gindaya wa WSL 2, hanyarsa ta tafiyar da Linux a cikin Windows: kashi 50 cikin 100 na RAM ɗin kwamfutar, sai idan an sauya.

Faifai bai kai RAM matsi ba. Windows 11 na neman gigabait 64, Ubuntu 24.04 kuma 25, jimilla 89, kimanin kashi 35 cikin 100 na gigabait 256. VirtualBox na iya barin faifan baƙuwa ya girma gwargwadon abin da aka zuba masa.

Kuɗin manhajar ɗora baƙuwa kuwa ya sauka zuwa sifili. VirtualBox kyauta ce tun 2007, kuma kamfanin Broadcom, mai VMware, ya saki VMware Workstation kyauta ga kowa a watan Nuwamba 2024.

Idan aka juya tsarin, Windows 11 ta zama baƙuwa a cikin Ubuntu, rabonta na faifai zai kama kashi 25 cikin 100, sannan ga TPM 2.0 da Windows 11 ke buƙata, wanda VirtualBox ta fara kwaikwayonsa a fitowa ta 7.0, a watan Oktoba 2022.