Inda “in which” ke kayar da ɗalibanmu

A jarrabawar Turanci ta WAEC ana son ɗalibi ya rubuta insha'i mai kalmomi kusan 450, a kan maki 50. Goma daga cikin makin nan na tsabtar rubutu ne, kuma kowane kuskuren nahawu rabin maki yake ci. Yaranmu na Ikara da Makarfi da Kudan sukan zubar da wani kaso na makin a wuri guda: wajen haɗa jimla da “which” da 'yan uwanta.

Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, Hausa ce ke leƙowa ta ƙarƙashin Turancin. Mu idan muka ambaci abu muka zo yi masa bayani, sau da yawa mukan sake waiwayarsa da wakilin suna. Cewa muke “kasuwar da ake sayar da rake a cikinta”, ko “manomin da gonarsa ta yi kyau”. Cire “sa” ɗin nan, zancen ya gurgunce. To, Turanci ba ya son wannan waiwaye. Ɗan Makarfi da ya rubuta “the market which they sell sugarcane in it” Hausa ya yi da kalmomin Bature. Daidai shi ne “the market in which they sell sugarcane”. Ita “which” ta riga ta tsaya a madadin kasuwar, sake kawo “it” kamar ɗora wa jaki mangala biyu ne. Haka “the farmer who his farm” ba ta zauna ba, kalma guda, “whose”, ta ɗauke nauyin duka.

Amma kuskuren da ya fi damuna na waɗanda suka ɗan yi nisa ne. Sun ji “in which” tana da daɗin faɗa, tana sa mutum ya yi kama da lauya, sai suka mayar da ita ado. Za ka ga wasiƙar neman aiki, ko ta neman gurbi a Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, an rubuta “the course in which I applied”. Daga ina “in” ɗin ta fito? Ai “apply for” ake cewa, saboda haka “for which” ce ta dace.

Ga hanyar gwaji mai sauƙi. Kwance jimlar, ka faɗi ɓangaren baya shi kaɗai. Idan ka ce “I was born in Hunkuyi”, ka ga “in” da idonka, don haka “the town in which I was born” ta yi. Idan kuwa “I bought tomatoes from the trader” ce, “from” za ka ɗauka, kuma tunda mutum ne sai ka ce “from whom”. Nan ma mun bambanta: “wanda” da “wadda” da “waɗanda” jinsi da adadi suke dubawa, Turanci kuwa babbar tambayarsa ita ce, mutum ne ko abu?

In ka rikice a ɗakin jarrabawa, raba zancen gida biyu. Gajerun jimloli biyu masu lafiya sun fi doguwa mai ɗingishi.

Malaman Turanci, don Allah ku riƙa rubuta jimlar Hausa a allo kusa da ta Turancin, yaro ya gani da idonsa inda suka rabu.