Idan Fitsarin Kwance Ya Dawo Bayan An Rabu da Shi

Uwa ta fito da tabarma ta shanya a kan katanga da sassafe, yaron kuwa ya laɓe a bayan ɗaki, don 'yan uwansa sun fara kiransa amalala. Shekarunsa bakwai, kuma ya fi shekara biyu rabonsa da jiƙa shimfiɗa. Abin da aka fi cewa a gida shi ne ƙiwa ce ko iskanci, sai a ɗauko bulala.

Likitoci sun bambanta yaron da bai taɓa dainawa ba da wanda ya yi wata 6 ko fiye a bushe sannan ya koma. Na farko galibi gado ne da nauyin barci, kuma shekaru kan raba shi da shi. Na biyu kuwa, akwai abin da ya canza.

A garin Jama'are, kogi ne abin fara tambaya. Yaran da ke wanka da kamun kifi a Kogin Jama'are da fadamunsa na iya kamuwa da tsargiya. Tsutsar da ke kawo ta tana fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fata, daga baya ƙwayayenta su maƙale a bangon mafitsara su riƙa tsikarar ta. Yaro ya riƙa jin matsuwa, fitsari na zafi, a ƙarshensa a ga ɗigon jini. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan jinin alamar balaga. Ba ita ba ce. Maganin tsargiya Praziquantel ne, sau da yawa sha ɗaya.

Sai taurin bayan gida, wanda iyaye ba su cika zargi ba: hanjin da ya cika yakan danne mafitsara. Ciwon sanyin mafitsara ya fi damun 'yan mata. Ƙodar mai sikila ba ta iya rage ruwan fitsari da dare. Yaron da ke ramewa, ga ƙishirwa ba dare ba rana, a gwada shi ciwon suga a ranar, kada a jira.

Akwai kuma dalili na zuci. An yi masa ƙane, uwa ta yi yaji, ko an kai shi makarantar allo a wani gari yana kwana cikin baƙi. Duka tsoro yake ƙara masa.

Gwajin fitsari a babban asibitin Jama'are ko asibitin tarayya na Azare yakan warware yawancin waɗannan. A tafi da kwalba mai tsabta, a kuma gaya wa likita ko yaron yana shiga kogi.