Sanyin Dioundiou aro ne: mai garka, kula da irinka

A ƙasashen Turai, mai lambun gida tsoron sanyi yake yi. Ƙanƙara kan kashe tsiro, shi ya sa yake renon irinsa a ɗaki, bakin taga, har yanayi ya sassauta. Mu a Dioundiou da kewayen Gaya, akasin haka ne. Sanyi shi ne jarinmu. Shu da salati da karoti ba su yin kyau sai da shi, kuma aro ake ba mu: ya shigo a Nuwamba, kafin ƙarshen Fabrairu ya tattara nasa ya nasa. A Afrilu zafi kan kai digiri 40, furen tumatir kuwa tun daga wajen digiri 35 yake fara kaɗewa.

Tun da gwamnatin Seyni Kountché ta zaburar da jama'a kan noman rani bayan farin 1984, garka ta zama ruwan dare a Dallol Mawri, inda ruwa ba ya da nisa a ƙasa. Amma har yau kuskurenmu ɗaya ne: jira. Sai an gama da hatsi, an kai ga rumbu, an huta, sannan a tuna da garka a tsakiyar Disamba. Ku yi lissafi da kanku. Shu yana ɗaukar kusan wata guda a wurin reno, sannan wata biyu zuwa uku bayan dashe kafin ya ƙulla kai. Wanda ya yafa iri a ƙarshen Disamba, a cikin bazara zai nemi kan shu, ganye kawai zai tarar. Albasa ta fi shi nawa, don renonta kaɗai kwana 45 ne ko fiye. Da sanyin safiya ake kama fara: a yafa iri daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba. Salati ne kawai ke son a ɗan dakata masa, domin irinsa kan ƙi tsirowa idan zafin ƙasa ya haura digiri 30.

Sai dai wanda ya yi sammako ma iri kan iya kayar da shi, kuma a nan ne aka fi cutar talaka. Muna bakin iyaka biyu. Kaya na shigo mana daga Malanbil ta Benin da Kamba ta Nijeriya, mai kyau da marar kyau a faifai ɗaya. Iri abu ne mai rai. Fakitin da ya yini a rana kan tebur, kasuwa bayan kasuwa, hoton da ke jikinsa ne kawai ya rage da rai. Irin albasa ya fi kowane saurin mutuwa. Da ya shekara, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Na tumatir kan kai shekara uku ko huɗu in an adana shi a busasshen wuri mai inuwa.

Bara gwaggona ta sayi irin shu na awo a ƙullin leda, mai shi yana rantsuwa cewa yanzu ya fasa gwangwani. Mako biyu tana ban ruwa safe da yamma, abin da ya tsiro bai cika tafin hannu ba. Kuɗin ba su dame ta ba kamar kwanakin, don kafin ta sake wani renon rabin sanyi ya wuce. Da ta sani, da tsumma ya fisshe ta. A ƙirga ƙwaya 20, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan mako guda, ko kwana 10 in albasa ce, a buɗe. Idan 15 ko fiye sun tsira, iri ne. Idan ba su kai rabi ba, a mayar wa mai shi tun da sauran lokaci. A kuma duba kwanan watan da ke jikin fakiti. Wanda bai iya boko ba ya sa ɗan makaranta ya karanta masa, ba abin kunya ba ne.

Akwai wata alama da ya kamata kowa ya sani: F1. Irin aure ne, yana ba da amfani sosai a shukar farko, amma in ka cire iri daga 'ya'yansa, baɗi kowane tsiro da kamarsa zai fito. Mai son ajiye irin kansa ya nemi wanda ba na aure ba, kamar albasar Galmi da duniya ta san mu da ita.

Wurin reno kuma ba ya son rowa, ba ya son almubazzaranci. A zaɓi inda ba a shuka tumatir ko tattasai ko yalo bara ba, saboda tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli tana kwana a ƙasa. A guji inda farin gishiri ko kanwa ke fitowa a kan ƙasa, abin da mutanen dallol suka sani sarai. A zuba ruɓaɓɓen taki. Ɗanye yana ƙona tsiro. A ja layi da yatsa, zurfin bai wuce rabin gaɓa ba, a zuba iri sama-sama, a rufe da busasshiyar ciyawa, a ɗauke ta da zarar tsiro ya leƙo. Idan ka ga tsirrai suna ruɓewa ta gindi suna kwantawa, ba sammu ba ne. Cunkoso ne da yawan ruwa. Karoti kuwa ba a dasa shi, inda aka shuka nan zai girma. Tsohon gidan sauro da ya tashi aiki yana kare reno daga fara, amma don Allah kada a cire wanda yara ke kwana ciki.

Idan ƙwari suka shigo, kada a ruga wurin mai tebur. Tsutsar tumatir da ta yi wa manoman Kano ɓarna a 2016 tana nan ƙasarmu, kuma tsoronta ya sa wasu na fesa maganin auduga a kan salati da shu, abin da yara za su ci ɗanye gobe. Maganin auduga na auduga ne. A garkar gida, tsince ganyen da ya kamu da fesa ruwan dakakkun 'ya'yan dogon yaro da yamma sun isa sau da yawa. Abin da ya fi ƙarfin haka, a tsinki ganyen a kai wa malamin gona ya gani da idonsa, ya faɗi maganin da aka yarda da shi, da kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinka a kai tukunya.