Kyanwar Cikin Ɗaki: Abin Da Take Buƙata Bayan Ci Da Sha

A yawancin gidajen Hausawa ba a kulle kyanwa. Tana kwana a soro ko kusa da rumbu, ta hau katanga, ta leƙa maƙwabta, ta dawo sa'ad da ta ga dama. A Amurka da Kanada kuwa mafi yawan masu kiwonta ba sa barin ta ta ƙetare ƙofa, kuma wannan salo ya fara shigowa biranenmu, musamman wurin mazauna gidajen bene da masu sayen kyanwowi masu tsada. Hujjarsu mai ƙarfi ce: mota, karnuka, gubar ɓera, ɓarayi da cututtukan da ake ɗauka wurin faɗa. Sai dai kullen yana raba kyanwa da sana'arta ta gado, wato farauta, kuma likitocin dabbobi sun gano cewa zaman banzan da ke biyo baya yakan zama ciwo.

Asalin kyanwar gida kyanwar daji ce ta Afirka, wadda masana ke kira Felis lybica, kuma har yau tana nan a dazuzzukan Sahel da Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Binciken ƙwayoyin gado da Carlos Driscoll da abokan aikinsa suka fitar a 2007 ya tabbatar da wannan dangantaka. A tsibirin Saifurus an tono kabarin da ya kai kimanin shekara 9,500, aka tarar da mutum da kyanwa a binne kusa da juna. Duk da daɗewar zaman tare, halinta bai sauya sosai ba, domin ɓerayen rumbu ne suka jawo ta wurin mutum, shi kuma ya ƙyale ta ta ci gaba da aikin da ta iya. Kyanwar da ke ci da kanta takan ci ƙananan abubuwa sau goma ko fiye a rana, saboda ɓera ɗaya ba ya kashe mata yunwa, kuma ba kowane hari ne ke yin nasara ba. Takan yi barcin sa'a 12 zuwa 16, ta fi kuzari da asuba da magariba, sauran lokacin kuma ya tafi a sauraro da sanɗa da laɓewa. Ba a banza Bahaushe ya yi mata kirari da mage mai kwanciyar ɗaukar rai ba. A cikin falo kuwa, duk wannan aiki ya koma taku biyar zuwa bakin kwano.

Ƙoshi ba ya kashe sha'awar farauta, domin ko kyanwar da ta ci ta ƙoshi takan daka wa ƙadangare tsalle. Idan sha'awar ta rasa mafita sai ta ɓullo ta wata hanya: kai wa ƙafafun mutanen gida hari, kuka da tsakar dare, lasar jiki har gashi ya zube, ko fitsari a kan gado. Wata kuma sai ci da barci kawai. A 2022 ƙungiyar da ke bibiyar ƙibar dabbobin gida a Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 61 cikin 100 na kyanwowin ƙasar sun yi nauyi fiye da ƙima, abin da ke buɗe ƙofar ciwon suga da na gaɓoɓi. Farfesa Tony Buffington, wanda ya daɗe yana aiki a Jami'ar Jihar Ohayo, ya yi nazarin wani ciwon mafitsara da ke sa kyanwa fitsarin jini da yunƙuri alhali babu ƙwayar cuta. A 2006 ya nuna cewa gyara tsarin gida da rage wa kyanwa tashin hankali suna sassauta ciwon. A 2011 kuma shi da Judi Stella suka ga cewa hatta lafiyayyun kyanwowi sukan yi amai ko su ƙi abinci idan aka rikita musu lokacin ciyarwa ko aka riƙa sauya mai kula da su.

Irin waɗannan bincike ne suka sa a 2013 manyan ƙungiyoyi biyu na likitocin kyanwa, ta Amurka da ta ƙasa da ƙasa, suka fitar da ginshiƙai biyar na gidan da ya dace da ita: wurin ɓuya, kayan buƙata a wurare daban-daban, damar wasa da farauta, mu'amala mai tsari da mutane, da kiyaye hancinta. Yawancinsu ba sa cin kuɗi.

Wasa shi ne kan gaba, kuma yana da ƙa'ida. A ɗaura gashin kaza ko tsumma a bakin igiya, a ɗaura igiyar a sanda, sannan a ja shi kamar mai rai: ya gudu, ya tsaya cik, ya ɓuya bayan kujera. Ɓera ba ya nufar bakin kyanwa, don haka kada a riƙa kaɗa mata abin a fuska. A bar ta ta kama shi lokaci zuwa lokaci, a rufe da ɗan abinci, domin haka farauta ke ƙarewa. A 2021 Jami'ar Ekseta ta Ingila ta fitar da sakamakon gwaji kan kyanwowi 355 masu fita waje, inda wasan minti 5 zuwa 10 a kullum ya rage dabbobin da suke kamowa gida da kashi 25 cikin 100. Wannan ya nuna cewa wasa yana biyan wani ɓangare na buƙatar farauta. John Bradshaw da abokan aikinsa kuma sun gano cewa kyanwa tana saurin gundura da abin wasa ɗaya, amma da an canza shi sai kuzarinta ya dawo, saboda haka gara a ɓoye wasu a riƙa fito da su bi da bi. Jan hasken leza kan sa ta gudu ba ta kama komai ba, sai a ƙare wasan a kan abin da za ta iya damƙewa. Zare da igiya kuma a ɗauke su bayan wasa, domin harshenta mai ƙaya ne, idan ta fara haɗiya ba ta iya tofarwa, kuma zaren na iya yanka hanji.

Abinci ma a mai da shi aiki. A huda gorar ruwa ta roba a zuba busasshen abinci, ta mirgina ta kafin ya zubo, ko a rarraba shi a ramukan kiret ɗin ƙwai, ko a ɓoye kaɗan-kaɗan a kusurwoyin gida. A fara da mai sauƙi don kada ta yi fushi ta bar ci, kuma a auna rabon yini guda kada dabarar ta zama ƙarin ƙiba.

Kyanwa tana farautar ƙanana, amma manya ma suna farautarta, shi ya sa take son bisa da lungu. A share mata saman kabad ko a kafa katako a bango, a bar mata taga mai raga inda za ta kalli tsuntsaye ba tare da ta faɗo ba. Kwali ma ya isa ɗaki: a 2014 masana a Jami'ar Utrek ta Holan sun ga cewa kyanwowin da aka bai wa akwatin ɓuya a gidan ajiye dabbobi sun fi saurin samun natsuwa. Yaƙushi kuwa ba ɓarna ba ne a wurinta. Da shi take cire tsohon ɓawon farce, ta miƙe jiki, ta bar ƙanshin tafin ƙafarta a matsayin alama. A naɗe turmi ko gungume da igiyar rama, ya kasance dogo kuma ba ya girgiza, a ajiye shi kusa da kujerar da ta saba yaƙusa. Masu neman mai da ita kyanwar Lami ta hanyar cire farce su sani cewa aikin yanke ƙashin ƙarshe na kowane yatsa ne, har jihar Niyok ta haramta shi a 2019.

Hancinta ya fi namu nisa, don haka hayaƙin turaren wuta da feshin maganin sauro a rufaffen ɗaki suna takura mata. Kwanon yashin da take bayan gida a nisanta shi daga abinci da ruwa, a kwashe shi kullum. Idan kyanwowin biyu ne a ajiye uku, domin ƙa'idar ita ce kowacce ta samu nata, a ƙara ɗaya. A koya wa yara su bar ta ta zo da kanta, kada su ciro ta daga maɓoyarta. Duka da tsawa ba sa koya mata komai sai tsoron mai gida.

Musulmi sun san hadisin da ke cikin Buhari da Muslim game da matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya rufe ƙofa ya ɗauki nauyin duk abin da ƙofar ta hana, kuma motsa jiki da aikin ƙwaƙwalwa suna ciki. Sai dai wasa ba ya maye gurbin asibiti. Idan halin kyanwa ya sauya farat ɗaya, ko ta yini ta kwana ba ta ci ba, a kai ta wurin likitan dabbobi, kuma kada a ba ta farasitamol, domin ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Muzurun da ke yunƙuri fitsari bai fito ba kuwa, a garzaya da shi a ranar, saboda toshewar mafitsara kan yi kisa cikin kwana biyu zuwa uku.