Jinin Ungulayen Kalifoniya da Abin da Ƙidaya Take Ɓoyewa

A shekarar 1987 aka kama ta ƙarshe daga cikin manyan ungulayen Kalifoniya da suka rage a daji, waɗanda Turawa ke kira kondo, aka haɗa su a gidajen namun daji na San Diyego da Los Anjelis. A lokacin duk duniya 27 ne kawai. An yi ta kiwo da ƙyanƙyasa, aka fara sakin su a 1992, yau kuma sun haura 500. Nasara ce babba, amma ƙidayar kawuna ba ta faɗin komai game da jini. Dukkan waɗannan tsuntsaye zuriyar iyaye 14 ne, wato ɗaruruwan da ake alfahari da su duk 'yan gida ɗaya ne. Da masana suka gwada tsofaffin fatun da aka adana a gidajen tarihi, sai suka tarar da tsatson uwa 18 a da, amma 3 kaɗai suka kai yau. Sauran sun tafi ke nan, duk yawan ƙwan da za a ƙyanƙyashe ba zai dawo da su ba.

Illar ta riga ta bayyana. Akwai wata cutar gado da ke gajarta ƙasusuwan ɗan tsako, ta kashe shi wajen lokacin ƙyanƙyasa, kuma ba ta tasowa sai uba da uwa duka suna ɗauke da ita. Cikin dubban tsuntsaye, da wuya irin waɗannan biyu su gamu. Cikin dangi ɗaya kuwa, abu ne mai sauƙi. Shi ya sa masu kiwon suke riƙe da littafin asalin kowace ungulu, suna zaɓen wa zai haɗu da wa.

Wasu za su ce ba jini ke kashe su ba, gubar darmar harsashi ce da suke haɗiya a mushen da mafarauta suka bari. Gaskiya ne, don haka ma Kalifoniya ta haramta farauta da harsashin darma baki ɗaya a 2019. Za su ƙara da cewa wani bincike na 2021 ya nuna ƙwayoyin halittarsu na da bambanci fiye da yadda aka zata. Wannan ma haka yake, sai dai tsohon arziki ne daga zamanin da suke dubbai, kuma yana zurarewa a hankali, tunda tsuntsuwar ƙwai ɗaya take yi, galibi duk bayan shekara biyu. Doka tana iya kawar da darma. Amma idan sabuwar annoba ta zo, kamar murar tsuntsayen da ta kashe 21 a garken Arizona a 2023, bambancin jini ne zai sa wasu su jure.

Ni a ganina wannan ne ya sa bai kamata a jira ungulun kwatarmu ta ragu haka ba. Tun 2015 take cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, ana kuma ci gaba da kashe ta da guba, ana sayar da kanta a kasuwa don magani.