Mazari ba fara ba ne

Duk shekara idan gero ya fara fid da kai a gonakin Garagumsa, sai mazari ya cika sararin bakin tafkuna. Kafin la'asar magana ta kai kasuwar Takeita: fara ta iso, a kira masu feshi. Tsoron yana da dalili. Wanda ya ga abin da farar dango ta yi wa Nijar a 2004 ba zai ga fukafukai bisa gonarsa ya samu barci ba.

Sai dai mazari ko ganye ɗaya ba ya ci. Mafarauci ne, a iska yake cafke sauro da ƙananan ƙudaje. Ba shi da ƙari irin na zuma ko rina, balle ya harbi yaro.

Je ka bakin tafki da hantsi ka zauna shiru, za ka ga iri biyu. Babban idan ya sauka kan kara yakan bar fukafukansa huɗu a shimfiɗe, kamar tabarmar da aka shanya, idanunsa manya sun haɗe a tsakar ka. Ƙaramin siriri ne kamar tsinken tsintsiya, yakan naɗe nasa a bayansa kamar lema a rufe, idanunsa kuwa nesa da juna, ɗaya nan ɗaya can. Fara fa? Dubi cinyoyinta na tsalle. Mazari ba shi da su.

Mazarin nan mai launin rawaya da ke zuwa da yawa baƙon damina ne, iskar ruwa yake bi. Danginsa har tekun Indiya suke ƙetarewa zuwa gabashin Afirka. Yakan zuba ƙwai a kududdufi, ƴaƴansa su girma cikin ruwa a kamar mako shida, kafin wurin ya ƙafe. Cikin abincinsu har da tsutsar sauro. Ba za su maye gurbin gidan sauro ko maganin riga-kafin zazzaɓin yara ba, amma ma'aikata ne da ba sa neman albashi.

Abin da ke ci mini rai shi ne ganin an wanke tankin feshi a tafki. Gubar kan kashe tsutsar sauro da ƴaƴan mazari duka. Sauro kan farfaɗo cikin mako biyu, maƙiyinsa kuwa sai ya daɗe. An sa tafkin Gidimuni cikin wuraren ruwa da duniya ke karewa a 2019. Tafkunan ƙauye ba su da wannan gata. Malaman gona da ke zagayawa da maganin ƙwari, me zai hana su riƙa tafe da hoton fara da na mazari, manomi ya gani da idonsa?